Ranar da Muka Sauko da Rana Kan Ruwan Goronyo

Shekarar da gwaggona ta sauke farali, kowa a gidanmu na Wurno ya sami tsarabar da aka saba, dabino da zamzam da tasbaha da ɗan kwali. Mahaifina kaɗai ya sami abin da ba wanda ya san sunansa. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi, don haka duk abin da ta miƙa masa da hannu biyu yake karɓa. Ta fiddo abin daga cikin jakarta naɗe a tawul, ta warware, sai ga shi yana walƙiya kamar zinari.

Ta ce, "A Jidda nig gan shi. Mai shagon ya ɗora shi ga ido ya nuna sama. Ni ban ji yarenai ba, amma na san abin duban alƙibla na. Nic ce wanga sai ƙanena, shi ad da sanin ƙarhe."

Mahaifina maƙerin fari ne. Zobe da awarwaro da 'yan kunne da farantan tagulla su ne aikinsa, kuma duk mai ƙaramin sikeli a kasuwarmu idan ya fara yi masa ƙarya wurinsa yake kawowa. Ni kuwa a lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Rabah, inda aure ya kai ni, ina zuwa gida mafi yawan ranakun Asabar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Abin bai fi tafin hannu biyu ba. Siffarsa kamar an yanki faifai an ɗauki kashi ɗaya cikin shida, gefen da ya lanƙwasa yana da zane-zane da lambobi. Akwai wani hannu da ke yawo a kan zanen, da ƙananan madubai biyu, da ɗan bututun hangen nesa, da wasu gilasai masu duhu da ake turawa gefe. Baba ya juya shi, ya yaba, ya yi wa Gwaggo addu'a har ta ji daɗi. Sai da ta shiga cikin gida ya kira ni zaure inda maƙerarsa take.

Ya ce, "Uwata, zo ki gani. Wanga abu kwaikwayo na."

Na ce, "Kwaikwayon mi, Baba?"

"Shi na ban sani ba. Amma dubi nan."

Ya murza wani ɗan noti a ƙasan hannun. Notin ya juya, ya juya, bai motsa komai ba. Ya nuna mini bayan madubin, inda aka yi kawunan ƙusoshi uku, ya sa farce ya ƙwanƙwasa, ashe zubi ne, tare da jikin aka narka su, madubin kuwa da gam aka liƙa shi. Sannan ya ɗauko kamfas ɗinsa mai ƙafa biyu wanda yake auna zanen faranti da shi, ya buɗe shi daidai tazarar zane goma, ya taka shi a kan lanƙwasar. A taki na uku ƙafar ta sauka tsakanin zane da zane.

Ya ce, "Ba maƙerin da ka yin noti don shi juya banza. Wanda yay yi wanga ya ga wani inda notin ka aiki, ko ya ga wanda yag gani. Akwai na ƙwarai wani wuri. Mi aka yi da shi?"

Na san na taɓa ganin hotonsa a wani littafi lokacin da nake kwalejin horon malamai, amma ko sakin layi ɗaya ba a yi a kansa ba, kuma ba a tambaye mu shi a jarrabawa ba. Na ce masa matuƙan jiragen ruwa ne suke auna tsayin rana da taurari da shi, don su san inda suke a tsakiyar teku. Na zaci magana ta ƙare. Sai ya aje kamfas ya gyara zama.

"Rana ɗaya ta ga kowa. Ƙaƙa za ta gaya ma mutum inda yake?"

Shekara nawa ina zana wa ɗalibai layukan da suka ratsa duniya a kan allo, ba wadda ta taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na ce ya ba ni mako guda.

Wannan makon na yi karatun da ban yi ba ina ɗaliba. Na tono tsofaffin littattafai a ɗakin ajiyar makaranta, na bi waya ina kallon masu bayani har katina ya ƙare. Da Asabar ta zagayo na zo masa da lemo guda da tsinken tsintsiya biyu. Muka fita tsakar gida da hantsi, na soka tsinke ɗaya a tsakiyar lemon, ɗaya kusa da hancinsa, na riƙe shi cikin rana. Tsinken tsakiya inuwarsa ta taru a gindinsa, na saman kuwa tasa ta miƙe.

Baba ya daɗe yana kallo. Tun yana yaro malaminsu na zaure ya koya musu auna inuwa da tafin ƙafa don sanin shigar azahar, kuma ya san akwai ranaku a shekara da inuwar mutum take ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa a Wurno.

Ya ce, "Kina nuhin ranar da inuwata ta ɓace nan, mutumin Ikko shina da tashi?"

Na ce, "Shina da ita, Baba. Na Agadas ma haka, sai dai tashi wani gehe ta nuhwa."

"To in na san tsawon inuwata, na kuma san inda tab ɓace yau, na san nisana da wurin."

Abin da ya ɗauke ni mako guda ke nan. Ya karɓi lemon ya ɓare ya ba ni rabi.

Na roƙe shi aron tsarabar Gwaggo don in nuna wa ɗalibaina. Ranar da na kai abin makaranta, a hanyar komawa gida na tsaya wurin wata mata da nake sayen bandar kifi a hannunta, mutuniyar Goronyo ce, duk ranar kasuwar Rabah takan zo. Ina laluben jakata na fiddo shi na aje a gefen tirenta. Ta dube shi ta ce, "Ikon Allah! Surukina shina da irin wanga cikin akwati. Amma nashi baƙi na, bai kai naki kyau ba."

Na tambaye ta sau uku ko ta tabbata. Ta ce da madubansa da komai, ko jikokinsa ba ya bari su taɓa.

Ban jira Asabar ba, na kira Baba a waya. Shi da ba ya son tafiya, wanda Sakkwato ma sai dole take kai shi, ya ce in nemi izinin maigidana mu tafi ranar Lahadi.

Muka shiga motar haya daga Wurno da safe, muka bi gefen fadama, mutane na ta yankan shinkafa. Gidan tsohon yana wata unguwar masunta kusa da madatsar ruwa, ko'ina raga a shanye, iska kuwa ƙamshin hayaƙin banda. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, tafin hannunsa kamar fatar ganga. Matar ɗansa ta riga ta gaya masa za mu zo. Bayan an gaisa an sha ruwa ya shiga ɗaki ya fito rungume da akwatin katako.

Baba bai bari an buɗe ba tukuna. Ya shafa kusurwar akwatin, inda katako ya shiga cikin katako kamar yatsun hannu biyu, ba ƙusa ko ɗaya. Sannan ya nemi buta ya wanke hannunsa, ya goge da gefen rigarsa.

Matar ta yi gaskiya, bai kai na Gwaggo kyau ba. Baƙi ne, fentin ya goge a inda hannu yake kamawa. Amma da Baba ya ɗaga shi na ga fuskarsa ta canza. Ya ce nauyin duk ya taru a cikin tafin hannu, ba ya rinjaya ko'ina. A gefen da ya lanƙwasa an dasa wani siririn farin ƙarfe, zanen da ke kansa kamar gashin jariri, sai ka karkata shi ga haske kake gani. Ya murza notin ƙasa. Hannun ya motsa, motsin da ido ba ya kamawa sai an daɗe ana murzawa. Ya murza baya, hannun ya biyo shi nan take, ba jira. Ya yi haka ya fi sau ashirin, idonsa a rufe. Sannan ya fiddo kamfas daga aljihu ya taka shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ko'ina ƙafar ta sauka, a kan zane ta sauka.

Ya dubi tsohon ya ce, "Malam, ina kas samo shi?"

Tsohon ya ce shekarun baya, bayan an tare ruwa, wasu masu awo sun zo auna zurfin tafkin, aka ɗauke shi yana tuƙa su a kwalekwale. Babbansu wani tsohon Bature ne da ya ce ya yi rabin rayuwarsa a jirgin teku. Sakistan yake kiran abin. Sukan kafa tutoci uku a bakin ruwa, Baturen ya kwantar da abin a gicciye ya auna tsakanin tuta da tuta, wani ya jefa igiya mai dalma ya faɗi zurfi, a rubuta. Da yau da gobe har shi ma aka koya masa haɗa tuta biyu su zama ɗaya a cikin madubi. Wata rana igiyar ruwa ta bugi jirgin, abin ya faɗi, ƙaramin madubin ya tsage, wata 'yar ƙusa ta yi tsalle ta faɗa ruwa. Da aiki ya ƙare Baturen zai tafi, ya miƙa masa akwatin ya ce ya riƙe don tunawa.

Na ce wa tsohon, "Baba, bai taɓa auna rana da shi gabanka ba?"

Ya ce, "Rana kuma? A'a, ɗiyata. Tuta dai."

Na nuna masa gilasan nan masu duhu na ce saboda rana aka yi su. Ya tura ɗaya da yatsa, ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru yana zaton na kare ƙura ne.

A cikin murfin akwatin an liƙa wata takarda da ta yi ja don tsufa, da layuka da lambobi da sa hannu. Baba ya ce in karanta masa. Na daɗe ina dubawa kafin na gane. Na ce masa waɗanda suka ƙera shi ne suka gwada shi bayan sun gama, suka rubuta inda ya yi kuskure. A wuri kaza ya ƙara ɗan kaza, a wuri kaza ya rage, a wuri kaza babu komai.

Ya ce, "Kuskuren wa?"

"Nasu, Baba."

"Su sunka rubuta da hannunsu, sunka liƙa cikin murhi inda mai saye za shi gani?"

Na ce haka ne. Ya tambaye ni girman kuskuren. Na ce idan aka raba tazarar zane ɗaya gida sittin, bai kai gida ɗaya ba. Ya sa hannu ya riƙe gemunsa. Ni na san Baba, idan zobe ya fito da ɗan rami a ciki, gogewa yake yi har ramin ya ɓace, idan ya ƙi ɓacewa ya mai da shi wuta. Bai taɓa jin maƙerin da ya auna aibin aikinsa ya ba shi lamba ba.

Tsohon ne ya fara maganar gyara. Ya ce ya kai wa masu gyaran agogo biyu sun ce ba aikinsu ba ne. Baba ya ce ba zai yi alkawari ba, amma a ba shi ya gwada. Tsohon ya dube shi, ya dubi hannun da aka wanke kafin a taɓa, ya rufe akwatin ya tura masa.

Madubi muka zaci zai yi sauƙi. Baba ya sayo irin na kasuwa kala huɗu, har da na jikin hoda. Ya ɗaure zare a miƙe tsakanin ginshiƙan rumfa, yana duban zaren ta cikin kowane madubi yana karkata shi a hankali. A cikinsu duka zaren ya yi ciki kamar maciji a wani wuri. Ga wani abu kuma, idan ya ɗora bakin allura a kai, akwai tazara tsakanin allurar da hotonta, gefenta kuma wani hoton ne na biyu, dishi-dishi. Ya ce mutum ya yi shekara saba'in yana duban fuskarsa a abin da ke yi masa ƙarya bai sani ba.

Ni na samo maganin, kuma da gangan nake faɗa don ba kullum nake burge shi ba. A ɗakin ajiyar makarantarmu akwai mataccen injin kwafin takardu da mai gyara ya buɗe cikinsa ya bari. Na tuna na ga wasu siraran madubai dogaye a ciki. Na ɗora bakin fensir a kan ɗaya, fensirin ya sumbaci hotonsa, ba tazara. Na nemi izinin shugabar makaranta, ta ce in ɗauka, ai kaji ma sun fara ƙwai a cikinsa. Baba ya gwada shi da zare, zare ya tsaya cak. Ya yanke shi da abin yankan gilashi, ya fasa biyu, na uku ya fito daidai gurbin.

Ƙusar ce ta ba shi wuya. Ita ce mai tura madubin ta baya don ya tsaya daidai, kaurinta bai wuce na tsinken ashana ba, zaren jikinta kuwa sai da ya ɗora tabarau a kan tabarau ya iya ƙirga shi. Ya gwada na tabarau, ya gwada na rediyo da na tsohon agogo, ba wadda ta shiga. Sai ya ja waya ta tagulla, ya wasa wani ɗan magagari har ya zama kamar bakin reza, ya zauna yana yanka zaren da hannu. Kullum da hantsi yake yi, lokacin da haske yake shigowa ƙofar zaure, kafin idonsa ya gaji. Duk Asabar in na zo sai ya nuna mini waɗanda suka lalace a cikin murfin kwalba. Masu zobe suka fara ƙorafi, Gwaggo ta ce da ta san tsarabarta za ta hana shi neman abinci da carbi ta kawo masa kamar kowa. A mako na biyar wata ta shiga. Ta shiga da ɗan tauri, tana ƙara kaɗan in an murza. Na ce ai shi ke nan. Ya ce, "Ta shiga dai. 'Yan uwanta ba su kuka."

Lokacin da muka koma Goronyo an fara dashen albasa, tafkin kuwa cike yake taf. Na taho da taswirar jiharmu ta makaranta a naɗe, da takardar da na kwafo lissafin inda rana take tsaye a wannan rana. Na yi wa tsohon bayani cewa muna bukatar wurin da sama ta haɗu da ruwa ta kudu, ba tudu ba itace, irin yadda yake a teku, kuma ban san ko za a samu ba.

Ya ce, "Teku ban san ta ba. Amma in kin zamna ƙasa cikin jirgi, akwai inda ba ki ganin gaci."

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ran nan. Na riƙe gefensa da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani, su biyun suna yi kamar ba su gani ba. Tsohon ya tayar da ɗan injinsa muka yi arewa, muka wuce masunta masu jefa ragar birgi, muka wuce wasu shanu da Fulani suka kawo shan ruwa a wani tsibiri, har muka kai inda ruwan ya fi faɗi. Ya kashe inji ya ce mu sauka daga kan katako mu zauna a cikin jirgin sosai. Na zauna, zanena ya jiƙe, na duba kudu. Itatuwan ƙetare sun koma kamar suna tsaye a cikin ruwa, ba a ganin gindinsu, a gabansu kuwa ruwan ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe. Abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan duk shekara, cewa duniya a lanƙwashe take, ina kawo musu misalin jirgin da ni ma ban taɓa gani ba.

Tsohon ya nuna wa Baba yadda ake riƙewa, ni na tura gilasai masu duhu na ja masa kunne kada ya kalli rana ba su. Ya ɗora ido. Ya daɗe yana lalube, yana tura hannun gaba da baya, jirgi na rawa. Can sai ya ce, "La ilaha illallahu. Ga ta. Kore ta, awa ɗanyen lemo."

Na ce, "Ka jawo ta ƙasa, Baba, a hankali, har ta taɓa ruwa."

Ya dinga tura hannun, yana sunkuyar da abin, bakinsa a buɗe. Sannan ya koma kan noti yana murzawa kaɗan-kaɗan.

"Ta zamna bisa ruwa."

Ya ba tsohon ya duba, ya ba ni. Na ga ƙwallo kore mai santsi zaune a kan layin ruwa, kamar an aje ƙwarya a kan tabarma. Ina cikin kallo sai na ga haske ya buɗe tsakaninta da ruwan. Na ce ta tashi. Baba ya karɓa ya murza ya mai da ita. Ta sake tashi, ya sake mai da ita. Haka suka yi ta yi shi da rana, tana ɗagawa yana saukar da ita, sai dai kowane karo ɗagawar tana raguwa. Daga nan hannunsa ya tsaya a kan noti bai murza ba.

Ya ce, "Ta tsaya." Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ta hwara nutsewa. Zawali ke nan. Yau na gan shi da idona."

Na karɓa na karanta lambar, na rubuta, na yi ragi da ƙari yadda na koya. Wannan awo ba ya faɗin gabas ko yamma, arewa da kudu kawai yake nunawa. Na shimfiɗa taswira a gwiwata na bi gefenta da yatsa ina neman layinmu. Yatsana ya wuce Goronyo, ya wuce iyaka, ya fita daga takardar gaba ɗaya.

Tsohon ya ce, "Ina muke, Malama?"

Na ce, "Muna cikin Nijar."

Ya yi dariya har jirgin ya karkata na ƙwala ihu. Ya ce to a ɓoye kifin kada 'yan kwastan su gani. Baba bai yi dariya ba. Ya juya abin yana duban ƙusarsa.

Sai tsohon ya tsaya da dariyar ya ce ya tuna wani abu. Kullum da safe kafin a fara aiki, Baturen nan yakan mai da hannun kan sifiri ya dubi abu guda mai nisa. Idan abin ya rabu biyu a madubi, sai ya murza har ya haɗe, ya rubuta abin da ya murza, kuma duk awon ranar sai an cire wannan. Muka mai da hannun kan sifiri muka dubi layin ruwa. A karye yake, rabin da ke cikin sabon madubi ya ɗara ɗayan tsawo. Baba ya murza har layin ya haɗe, na karanta, na cire daga lissafina. Na sake bin gefen taswira. Wannan karon yatsana ya dawo cikin ƙasa, ya wuce tafkin kaɗan ta kudu, ya tsaya daidai Wurno.

Tsohon ya ce, "To ai ya san mai gyaranai. Gida yam maishe ka."

Nan Baba ya yi murmushi. Ya tambaye ni saura nawa ne kuskuren, na nuna masa a kan lanƙwasar, bai kai kashi ɗaya cikin shida na tazarar zane guda ba. Muka yi ta gardama a hanyar komawa gaci, ni ina cewa rawar jirgi ce ko lissafina, tsohon yana cewa ruwan bai kai faɗin da ake so ba, Baba yana cewa ƙusa ce. Ba mu rabu da gardamar ba har muka yi sallah muka ci tuwon shinkafa da miyar kifin ragon ruwa a gidan tsohon. Baba ya goge abin da tsumma mai laushi, ya kwantar da shi a gurbinsa, ya miƙa wa mai shi. Tsohon ya ce ya riƙe ya ƙara kwana biyu. Baba ya ce a'a, ya ga abin da yake son gani.

A mota Baba ya jingina ya rufe ido har muka yi nisa. Na zaci barci yake yi. Sai ya ce, "Uwata, zanen nan inji yay yi shi, ko?"

Na ce haka na karanta, akwai injin da ke raba da'ira.

"Shi injin, wa ya raba mashi tashi da'ira?"

Na ce wani injin, watakila.

"Na hwarkon hwa?"

Bai jira amsata ba. Da na zo Asabar ta gaba na tarar ya fasa aikin wani farantin tagulla da ya fara yi wa wata amarya, ya goge bayansa ya yi sumul, ya zana babbar da'ira. Tun yana yaro ya san idan ka taka kamfas a kan da'irar da ya zana, sau shida zai zagaye ta ya dawo inda ya fara, da haka ake fitar da furen tsakiyar faranti. Ya ɗauki kashi ɗaya, gida sittin ke nan ake nema a ciki. Ya raba shi biyu, talatin-talatin. Ya sake rabawa, sha biyar-sha biyar. Daga nan rabi ya ƙi. Sha biyar sai a raba ta uku, kowane kuma a raba shi biyar, kuma ba wata dabara da ya sani sai ya buɗe kamfas da ka, ya taka, ya ga inda ya sauka, ya matse ko ya sassauta, ya sake takawa.

Ya samu ukun kafin damina. Biyar ɗin ce har yanzu. Ya koma kan zobbansa da awarwaronsa, amma farantin yana jingine bayan uwar maƙera, in hantsi ya yi ba mai jira sai ya jawo shi. Zuwana na ƙarshe ina shiga zaure ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce in aje jaka in zo, idona ya fi nasa. Na durƙusa, ya taka kamfas, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ya riƙe numfashi.

"Bisa zane tas sauka?"

Na karkata farantin ga haske na duba da kyau. Na ce, "Ta wuce, Baba. Kamar kaurin gashi."

"Gashin kai ko na gemu?"

Na ce na kai. Ya ce to an samu ci gaba, wancan makon na gemu ne. Ya lashi babban yatsansa ya goge ɗigon, ya ce in shiga in gaida mutanen gida, fura tana nan an dama.